Tambaya da Amsa: Hayaniya a Tsohon Fedal ɗin Jita Mai Maimaita Sauti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaɗin jita ne a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Gombe. Na sayi tsohon fedal na Boss DM-2, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don ta maimaita sautin jita, a hannun masu kayan gwanjo, sautinsa yana da daɗi ƙwarai, amma da zarar na taka shi sai in ji wani "shuuu" a bayan kiɗan, wani lokacin kuma da gunji, musamman idan muna kan janareta. Shin ya lalace ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka kai shi wajen mai gyara, ya kamata ka tantance irin hayaniyar da kake ji, domin abin da ka bayyana ba matsala ɗaya ba ce, kuma wani ɓangarenta halittar na'urar ce, ba lalacewa ba.

An fara sayar da DM-2 a 1981, kuma yana aiki ne da wani aisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki, mai jinkirta sauti da ake kira BBD, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin Philips a 1969. Aisin da ke cikinsa, ko MN3005 ko MN3205 na Panasonic, yana da matakai 4,096, kuma sautin jitarka yana bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon kankare a wurin gini: kafin ya isa hannun na ƙarshe, an ɗan zubar, an kuma ɗan kwashi ƙura. Wannan ƙurar ita ce "shuuu" ɗin. Maƙeran sun san da ita, shi ya sa suka sa wani aisi da ke matse sautin kafin ya shiga, ya kuma buɗe shi bayan ya fito, amma hakan rage ta kawai yake yi. Idan tana bin bayan maimaicin ne kaɗai, kuma tana raguwa idan ka rage maɓallin Echo mai sarrafa ƙarfin maimaicin, to fedal ɗinka lafiyarsa ƙalau. A ganina, wanda ba zai iya jure wannan ɗan abu ba gara ya nemi fedal na dijital.

Gunjin kuwa daban ne, kuma galibi daga wuta yake zuwa. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma adafta mai arha ba ya tace ta sosai, ballantana wutar ƙaramin janareta ko inbata wadda ba ta da tsabta tun daga tushe. Gwajin ba ya cin kuɗi mai yawa: cire adafta, ka sa sabon batir mai bolt 9, ka haɗa jita da fedal da amfilifaya kawai da gajerun wayoyi masu kyau. Idan gunjin ya ɓace, laifin na adafta ne, ko kuma na raba adafta ɗaya tsakaninsa da fedal na dijital. Idan bai ɓace ba, rage maɓallin sautin jitar har ƙasa. In ya yi shiru, to jitar ce ke tsinto shi daga ƙwan fitila, cajar waya ko kwamfutar da ke kusa. Rashin wayar ƙasa a soket, wanda ya zama ruwan dare a ɗakunan ɗaukar waƙarmu, yana ƙara tsananta shi.

Ka kuma duba takardar da ke manne a ƙasan fedal ɗin. Idan an rubuta ACA, an ƙera shi ne don tsohon adafta mai ba da kusan bolt 12 wanda ake ragewa a ciki, saboda haka adafta mai bolt 9 na yanzu zai bar shi da ƙarancin wuta, fitilarsa ta dusashe, maimaicin ya riƙa kakkaryewa.

Akwai hayaniya ta uku da ba ka ambata ba, wato siririn fito da ke sauya murya idan ka juya maɓallin Repeat Rate mai saita tsawon jinkirin maimaicin. Domin a samu jinkiri mafi tsawo, milisakan 300, dole bugun da ke tura sautin cikin matakan ya sauko zuwa kusan sau 6,800 a daƙiƙa, wanda kunne ke iya ji. Idan fiton ya fito fili, ƙananan majuyan saiti da ke kan allon ciki sun goce. Ina roƙonka kada ka taɓa su da sukudireba bisa hasashe, domin saita su yana buƙatar na'urar da ke nuna siffar sauti a allo, kuma ba kowane mai gyaran rediyo ke da ita ba.

Abin da mai gyara na gari zai yi maka cikin sauƙi shi ne sauya kafasitoci, wato ƙananan sassa masu adana wuta, da suka bushe bayan fiye da shekara 40 da zafi irin na Gombe, da wanke maɓallai da ramukan waya daga ƙurar hunturu, wadda ke jawo ƙaraf-ƙaraf idan ana juya su. Ka gargaɗe shi kada ya cire aisin BBD ɗin sai ya tabbatar ya mutu, saboda Panasonic ya daina ƙera shi, kuma jabunsa sun yi yawa a kasuwannin intanet.