Sola za ta riƙe firijin ƙanƙara a Damagaram?

Hajiya, kin tambaya ko ki sa sola a firijin da kike ƙanƙara da zoɓo na sayarwa, ko ki zauna a kan kuran, wato wutar lantarkin gari. Ki sa, za ta riƙe. Rana ba ta yi mana rowa a Damagaram, kuma faranti mai kyau yakan wuce shekara 20 yana aiki, ba man fetur, ba ƙarar janareta. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, kowa ya ga ranar abin da ke saman rufinsa.

Amma fa kuɗin ba a faranti yake ba, a batir yake. Na farko da na saya irin mai ruwan nan ne, na ajiye shi a ɗakin kwano, zafin Afrilu da Mayu ya dafa shi, bai cika shekara biyu ba ya mutu. Ki samo masa wuri mai iska, in da hali ki sayi na litiyom, ya fi tsada amma ya fi jure wahala. Ni yanzu da rana nake barin firijin ya daskare sosai, in magariba ta yi in rufe shi ruf, ban yarda yara su buɗe ba, batirin ya huta. Sai ƙurar hunturu: kwana uku kawai, sai ki ga farantin ya yi fari fat, caji ya ja baya. Ki riƙa gogewa da sassafe da tsumma mai laushi, ruwa kofi biyu ya isa, tunda dai kin san yadda ruwa yake a garin nan.