Tambaya da Amsa: Ya ake cewa ɗan tsakani da Turanci?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina sana'ar dankalin turawa ne a Farin Gada nan Jos, kwastomomina daga kudu suna min Turanci, ni kuma in zan ce dillali sai na rasa kalma, wani yace min intermediary wani yace middleman, wanne ne daidai? Daga wani mai karatu, Anguwan Rogo.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Duka biyun daidai ne amma kowacce da wajenta. A kasuwa middleman zaka ce, shine dillalinka mai cin la'ada, misali "The middleman has collected his commission", wato dillali ya karɓi la'adarsa. In suna da yawa middlemen ne, kar ka ƙara s a ƙarshe, nan mutane da yawa ke faɗawa.

Ita intermediary ta takarda ce da ofis, in ka faɗe ta gaban buhun dankali sai a ɗauka lauya ne yazo sayayya. Tana ɗaukar kalmar Turanci "an" a gabanta sannan between ke binta: "He acted as an intermediary between the farmer and the buyer."

Wanda ya shiga tsakanin masu rigima don yin sulhu kuwa mediator ne, shi babu ruwansa da ciniki. Mai kai saƙo tsakanin saurayi da budurwa ko dangin aure go-between ne. Na gidan haya kuma ai ka san shi, ejan ɗin nan ne agent.