Tambaya da Amsa: Hutu a Jirgin Ruwa, Wane Ɗaki Za a Kama, Me Za a Ci?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan sun shafi hutu a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ke ɗaukar dubban fasinjoji suna zagayawa da su tashoshin ƙasashe na tsawon kwanaki. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, domin amsoshinsu za su wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun cika shekara 25 da aure, sai 'ya'yanmu suka haɗa mana kuɗin hutun mako guda a jirgin ruwa a Bahar Rum. Wakilin tafiye-tafiye ya turo mana farashin ɗakuna iri huɗu. Ni ko a mota jiri nake yi, maigidana kuma yana fama da ciwon gwiwa. Wanne za mu ɗauka? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaran albarka, ya ƙara muku zaman lafiya. Ɗakuna huɗun nan kusan kowane jirgi yana da su. Na farko shi ne ɗakin ciki, wanda ba shi da taga ko kaɗan, in aka kashe fitila ba a bambance tsakar rana da tsakar dare, don haka mai kwana a cikinsa sai da agogo mai ƙararrawa zai sami Asuba. Na biyu yana da tagar hangen teku, amma a liƙe take, ba ta buɗuwa. Na uku yana da barandarsa mai kujeru biyu da ɗan tebur, na huɗu kuwa babban ɗaki ne mai falo, kuma kuɗinsa kan ninka na sauran. Ki lura cewa kowane farashi na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu ne za su kwana a ɗakin, saboda haka sai ki ninka shi sau biyu kafin ki san abin da za ku biya.

Abin da ya fi nau'in ɗaki muhimmanci a gare ku shi ne inda ɗakin yake a jikin jirgin. Jirgi a kan raƙuman ruwa tamkar sikelin 'yan kasuwa yake, bakinsa biyu ne ke hawa da sauka, tsakiyarsa kuwa da ƙyar take motsi. Haka nan hawa na sama ya fi na ƙasa layi, kamar yadda kan giginya ke rangaji in ana iska alhali gindinta yana nan daram. Mai jiri irinki, wurinta shi ne tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, kuma ta guji goshin jirgi, domin can ne motsi ya fi tsanani. Jiragen zamani suna da wasu fikafikan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, Bahar Rum ma yawanci a kwance take daga Mayu zuwa Satumba, sai dai mashigin da ke tsakanin Barsalona da Marsel, inda iska mai ƙarfi kan taso daga kudancin Faransa ta motsa ruwa. Ki ga likita kafin tafiya ya rubuta miki maganin jiri, tunda wasunsu suna sa barci, kuma ki riƙe citta a jaka.

Gwiwar Alhaji ma tsakiyar take so. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, wato ya zarce filayen ƙwallo uku a jere, kuma da yawa daga manyan jiragen Bahar Rum sun haura mita 300. Wanda ɗakinsa ke can ƙurya zai riƙa taka wannan doguwar hanya sau da yawa kowace rana. Ku nemi ɗaki kusa da lif.

Kafin ku biya ko sisi, ku sa wakilin ya ba ku lambar ɗakin da taswirar jirgin, ku duba abin da ke samanku da abin da ke ƙarƙashinku. Na taɓa kwana bakwai a wani ɗaki mai kyan gaske wanda ke daidai ƙarƙashin wurin ninkaya, kullum tun kafin gari ya waye sai ma'aikata su fara jan kujeru suna wanke daɓe a kan rufina, ba na ƙara runtsawa. Ɗakin da ya fi natsuwa shi ne wanda ɗakunan kwana ne a samansa da ƙasansa, nesa da zauren kiɗa da madafa. Akwai kuma wata rahusa da ake yi wa wanda ya yarda kamfani ya zaɓar masa ɗaki daga baya, to wannan ba taku ba ce, domin ana iya jefa ku goshi, ko a ba ku tagar da kwale-kwalen ceto ya tare.

A ganina ku ɗauki mai baranda in kuɗin ya isa. Wasu za su ce asara ce, tunda a Bahar Rum jirgi kan wuni a tasha kusan kullum. Amma farfajiyar sama cike take da masu kayan ninkaya, kuma mace mai sutura ba lalle ta saki jiki a can ba, alhali a barandarki za ki sha iska ki dubi inda sama ta haɗu da ruwa, wanda shi kansa yana kwantar da jiri. In kuɗin bai kai ba, mai taga a tsakiya ya fi mai baranda a goshi.

Tambaya: Ina shirin tafiya da iyalina, mu shida. An ce mini abinci kyauta ne a jirgi, ko gaskiya ne? Kuma yaya Musulmi zai tabbatar da halaccin abin da yake ci? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, ba kyauta ba ne, an riga an sa kuɗinsa a cikin tikiti, kuma ba dukkansa ba. Abin da tikiti ya ƙunsa shi ne babban zauren cin abinci, inda ake zama a kawo wa mutum abin da ya zaɓa, da kuma zauren ɗebi-da-kanka wanda ke buɗe yawancin yini, inda ake samun ruwan sha da shayi da kofi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Lemon kwalba da ruwan gora da ƙananan gidajen abinci na musamman duk biya ake yi daban. Za a tallata maka tsarin biyan kuɗin abin sha a dunƙule, to ka sani tsadar mafi yawansu saboda giya ce, ka tambayi wanda babu giya a ciki, ko ka bar shi gaba ɗaya.

Abincin dare a babban zaure yawanci zama biyu ne, na farko wajen ƙarfe 6, na biyu wajen 8:30 ko 9, wasu jiragen kuma suna barin mutum ya zo lokacin da ya ga dama. Ka zaɓa da lissafin Magariba. A Barsalona a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka zaman farko ya fi dacewa, a ci a tashi kafin lokacin salla. A Dubai kuwa a watan Disamba rana kan faɗi wajen 5:30, sai a yi salla sannan a tafi cin abinci. Ina ba ka shawarar ka nemi tsayayyen tebur na ku shida kaɗai, domin in ba ka nema ba ana iya haɗa ku da baƙi masu shan giya a gaban yara, sannan ma'aikacin da ke kula da tebur ɗaya kowane dare yakan haddace abin da ba ku ci tun daren farko. Da yawa daga ma'aikatan nan 'yan Indonesiya ne da Indiya da Filifin, kuma ba wuya ka dace da Musulmi a cikinsu.

Maganar halal tun a gida ake gama ta. Jirgi yana loda kayan abincinsa ne kafin ya tashi, saboda haka kamfanoni suna buƙatar a sanar da su tun da sauran makonni, wasu ma har wata uku. Ka sa a rubuta buƙatarka a takardar kama ɗaki, ka karɓi amsarsu a rubuce, sannan ranar da kuka shiga ka je ka sami shugaban zauren cin abinci ka tuna masa. Ka roƙe shi ya riƙa nuna maka jerin abincin gobe tun daren yau, domin a dafa naku daban.

Naman alade da aka aje a fili kowa zai gane shi, wanda ake ɓoyewa a cikin girki shi ne abin tsoro. Turawa sukan yanka shi ƙanana su zuba a wake da miya da taliya, sukan dafa shinkafar Italiya da nama da ruwan inabi mai sa maye, sukan kuma sa barasa ko jelatin (sinadarin daskarar da abinci da akan samo daga fata ko ƙashin dabbobi, har da alade) a kayan zaƙi. A zauren ɗebi-da-kanka na sha ganin fasinja ya ɗauki ludayin wannan tasa ya tsoma a waccan, don haka ka je da wuri kafin a cakuɗa, ko ka roƙi a ɗebo maka daga madafa. Kifi da ƙwai da kayan lambu da girkin Indiya marar nama ba sa yankewa a jirgi. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa, malamai sun yi saɓani a kan yadda ake yanka a mayankan zamani, sai ka tuntuɓi malaminka kafin tafiya.

In kana son hutawa da duk wannan bincike, akwai kamfanin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024 yana zagaya Bahar Maliya. Abincinsa halal ne, babu giya, babu gidan caca, kuma akwai wuraren salla.

Tambaya: Na ga tallar mako guda a jirgi da farashi mai rahusa ƙwarai. Ina da fasfon Najeriya. Me zan ƙara a lissafi? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Amsa: Malam, biza ita ce farko. Dole ka cika sharaɗin shiga kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ko da ba ka da niyyar sauka, kuma in takardunka ba su cika ba za a hana ka shiga tun a tasha, kuɗinka kuma ba zai dawo ba. Tafiyar Sifaniya da Faransa da Italiya tana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da yawa, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. In jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, sai bizar ta zama mai shiga sau da yawa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara. Ka karanta sharuɗɗan fasa tafiya kafin ka ba da kafin alƙalami, domin biza tana iya makara.

Bayan kuɗin jirgin sama da otal, akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, kimanin yuro 12 a jiragen kamfanin MSC na Bahar Rum, dala 16 zuwa 20 a manyan kamfanonin Amurka. Akwai kuɗin intanet da na yawon gari, wanda ba ƙarami ba ne, tunda alal misali tashar da ake kira ta Roma tana da nisan kusan kilomita 80 daga birnin. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka ake haɗawa da katin banki, don haka ka tanadi katin dala ko tsabar da za ka aje a asusun jirgi, kada ka dogara da katin naira. Ka kashe layin wayarka da zarar an bar tasha, domin layin tauraron ɗan'adam na cikin teku tsadarsa ta wuce misali.

Ka isa garin da jirgin zai tashi kwana guda kafin ranar. A kowace tasha kuma ka dawo kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, ka kuma bi agogon jirgi ko da ya saɓa wa na gari. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita yawon da shi ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya fita don kansa.

Tambaya: Zan iya tafiya da turaren wuta da kilishi? Yaya kuma ake gane alƙibla a jirgi mai tafiya? Daga wata amarya a Kaduna.

Amsa: Amarya, Allah ya sanya alheri. Kasko da gawayi da turaren tsinke su zauna a gida, haka ma dutsen guga da butar lantarki, domin babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi, kuma ana tantance jakunkuna a ƙwace irin waɗannan kaya. Humra da turaren shafawa sun ishe ki. Kilishi da dambun nama ba za su shiga Tarayyar Turai ba, saboda dokarta ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, amma yaji a rufaffen mazubi zai gyara miki abinci da yawa. Ki sa ƙaramar butar roba a kaya, kuma kada ki jefa komai a masai in ban da takardar da aka tanada, domin da iska yake zuƙa, abu kaɗan ke toshe shi.

Ranar farko za a kira ku atisayen ceto, a nuna muku wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto. Tun bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi, kuma wajibi ne a kan kowa.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mai salla a jirgin ruwa zai yi ta a tsaye in yana iyawa, ya fuskanci alƙibla, in jirgin ya juya shi ma ya juya, in kuwa jiri ya hana shi tsayuwa sai ya zauna. Manhajar alƙibla ta waya takan ruɗe a cikin ɗaki saboda ƙarfen jirgi. Talabijin ɗin ɗakinki yana da tashar da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, sai ki dubi inda Makka take daga nan, wadda daga yammacin Bahar Rum gabas ce maso kudu, ki shimfiɗa dardumarki a tsakanin gado da ƙofar baranda.