Kafin na'urar auna zurfi, ka sayi littafi da gwangwanin fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri, ina da jiragen katako biyu masu inji da ke ɗaukar kaya a kogin Logon, tsakanin Kusiri da Zina. A ranin da ya wuce jiragen sun yi ta hawa yashi, farfela ta lalace, buhunan sukari sun jiƙe. Ɗan yayata, wanda shi ke kula da jiragen, yana karɓar kuɗin lodi yana kuma biyan gyara, ya ce mu sayi na'urar auna zurfin ruwa mai ƙararrawa, wadda ke aika lamba zuwa wayar hannu ba tare da igiya ba. Mai sayarwa ya ce sefa 200,000 kowace ɗaya, kuma da ita za mu iya gudu har da dare mu ninka sawu. Ina son in ci bashi in sayi biyu. Ban san adadin asarar ba domin ba ma rubutawa, amma tana da yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jimlar ƙarshe ta wasiƙarka ita ce ta fi tayar mini da hankali, ba batun yashi ba. Kana shirin ɗaukar bashin sefa 400,000 domin toshe asarar da ba ka san girmanta ba, ba ka kuma san daga inda take fitowa ba, sannan duk labarin da kake da shi ya fito ne daga bakin mutum ɗaya, wanda shi ke karɓar kuɗi, shi ke biyan makanike, shi kuma ke faɗa maka abin da ya faru a cikin ruwa. Ban ce ɗan yayarka ɓarawo ba ne, domin ban san shi ba. Abin da na ce shi ne ka tsara harkarka ta yadda ko mai gaskiya ne ba zai iya nuna maka gaskiyarsa ba, in kuma ba shi da ita ba za ka taɓa ganewa ba.

Jirgi yana hawa yashi saboda ɗayan abu biyu: ko ruwa ya yi kaɗan, ko jirgin ya nutse fiye da ƙima saboda nauyi. Na'urar da ake tallata maka tana magana ne a kan na farko kawai. Jirgi mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2, kowane tan ɗaya da aka ƙara masa yana danna shi cikin ruwa da kimanin santimita 4. Buhu 40 masu kilo 50 da aka ɗora a hanya, waɗanda kuɗinsu bai zo aljihunka ba, tan 2 ke nan, wato santimita 8, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Logon ya ja baya sosai, santimita 8 ɗin nan su ne bambanci tsakanin wucewa da kafewa. Na san wani mai jirgi a Bulangwa da ya yi ta sauya farfela yana zagin kogi, har ranar da ya sa aka ja layin jan fenti a jikin jirgin daidai inda ruwa ke tsayawa idan an yi lodin da ya yarda da shi, ya kuma nemi wani abokin cinikinsa a tashar sauka ya riƙa duba layin. Jirgin yana barin gida layi a sama, ya isa can layi a cikin ruwa. Daga makon da matuƙin ya gane ana dubawa, farfela ta daina lalacewa, kuma kogin bai ƙara zurfi ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne littafi. Kowane sawu a rubuta rana, yawan buhu da nauyinsu, man da aka zuba, kuɗin da aka karɓa, lokacin tashi da lokacin isa, kuma idan jirgi ya kafe a rubuta sunan wurin da abin da ya lalace. Duk gyaran da aka yi a kawo maka tsohuwar farfela a hannunka tare da takardar makanike. Mai karɓar kuɗi daban, mai biyan gyara daban. Idan ɗan yayarka ya ji haushin wannan tsari, ka gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa littafin kariya ne gare shi daga zargi, kuma haka ɗin ne. Idan ya ci gaba da ƙi, to ka sami wata amsa ba tare da ka kashe ko dala ba.

Yanzu batun na'urar kanta, wadda ba yaudara ba ce, amma mai sayarwa ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Akwai ɗan kai da ake kafawa a cikin ruwa, yana harba sautin da kunne ba ya ji zuwa ƙasa, sautin yana tafiya da gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya bugi ƙasan kogi ya dawo, sai na'urar ta lissafa zurfi daga lokacin da ya ɗauka. Ma'ana tana faɗin abin da ke ƙarƙashin kan ne, ba abin da ke gaba ba. A jirgi mai inji a baya, galibi a bayan ake kafa kan. Idan jirginka yana tafiyar kilomita 18 a awa, mita 5 ke nan a daƙiƙa, wato goshin jirgi mai mita 15 ya riga ya wuce wurin da daƙiƙa 3 kafin na'urar ta auna shi. A inda ƙasa ke tasowa a hankali ƙararrawar tana ba matuƙi damar rage gudu. A inda tudun yashi ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yawan yi a gwiwar kogi, jirgin zai kafe sannan ƙararrawa ta yi kuka. Ba ta ganin kututture, ba ta ganin ragar masunta, ba ta ganin dorina. Maganar gudun dare da ninka sawu kuwa ka watsar da ita tun yanzu, domin wanda ya faɗa maka ba shi zai biya sukari ba, ba shi kuma zai amsa tambayar jami'an tsaro ba idan aka tare jirginka cikin duhu a ruwan da ya raba Kamaru da Chadi.

Idan bayan wata uku littafi ya nuna lodi yana kan ƙa'ida, amma jirgi yana kafewa a wurare daban-daban saboda yashi yana ƙaura bayan kowace cikowa, to na'urar ta cancanci kuɗinta. Ka sayi guda ɗaya, da kuɗin hannu, ka ɗora a jirgi ɗaya ka bar ɗayan domin kwatance. Kada a sayar maka da 'yar ƙwallon nan da masu kamun kifi da ƙugiya ke jefawa a ruwa, batirinta na 'yan awoyi ne kuma ba a yi ta don jirgin kaya ba. Ka nemi wadda ke cin wuta daga batir mai bolt 12, ka kuma ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin saboda batir, ɗan faifan sola da kuɗin mai kafawa. Ka tambayi mafi ƙarancin zurfin da take iya karantawa, domin da yawa daga cikin masu araha suna ruɗewa a ƙasa da kimanin santimita 60, alhali nan ne damuwarka take.

Wajen kafawa, sautin ba ya ratsa katako yadda ya kamata, don haka kada kowa ya manna kan a cikin jirgi kamar yadda ake yi wa wasu jiragen faiba. Dole ya taɓa ruwa, fuskarsa na kallon ƙasa sosai, a gefe nesa da farfela da duk inda kumfa ke tashi, saboda kumfa tana sa lamba ta yi ta tsalle ko ta ɓace. A ɗaura shi da maƙalin da zai ɗaga sama idan ya bugi wani abu, maimakon ya karye. Daga nan a auna tazarar da ke tsakanin kan da wurin da ya fi kowane nutsewa a jirgin, wanda yawanci ƙasan inji ne, a shigar da ita cikin saitin, ta yadda lambar da matuƙi ke gani ita ce ruwan da ya rage ƙarƙashin inji, komai nauyin lodi. A gwada da gora mai alamar mita a bakin tasha kafin a yarda da ita, a kuma sani cewa ciyawar ruwa mai kauri tana iya sa ta nuna ƙasa a inda babu ƙasa.

Ƙararrawar na'urar iri biyu ce. Ta zurfi mai yawa ba ta da wani amfani a gare ka, ta fi dacewa da masunta a babban ruwa irin na dam ɗin Lagdo. Ta rashin zurfi ce taka, kuma saitinta yana buƙatar hankali. Wani mai jigilar shinkafa daga wajen Yagwa ya sa tasa a mita 2 don tsoro, a rani ta yi ta kuka tun safe, matuƙinsa ya gaji ya kashe ta a rana ta biyu, jirgin ya kafe da na'ura a kashe. Ka fara da kimanin rabin mita ƙarƙashin inji, tare da umarnin cewa duk lokacin da ta yi kuka a sauko da gudu, yaron gaba ya ɗauki gora. Haɗin da ke tsakanin na'urar da waya ba ya buƙatar intanet, amma ƙarar waya ba ta fin ƙarar inji, kuma rana tana dusashe allo, don haka ka ware waya ɗaya ta jirgi wadda ba a kira da ita, a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ka haɗa mata lasifika mai ƙarfi. Idan manhajar tana ajiye tarihin hanya da zurfi, kai za ka riƙa karɓar wayar bayan kowane sawu kana kwatanta lokutan tsayawa da abin da aka rubuta a littafi.