Me ya sa mutum ya fi tsayi da safe?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne mutum yana raguwa kafin dare. Gaskiya ne, kuma bambancin yakan kai santimita 1 zuwa 2.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai fayafayan guringuntsi guda 23, kowanne cikinsa cike da ruwa. Da zarar ka miƙe tsaye, nauyin jikinka zai riƙa matse su kamar soso, ruwan yana fita kaɗan-kaɗan. Yawancin raguwar a sa'o'in farko bayan tashi daga barci take faruwa. Idan ka kwanta sai matsin ya sauka, su sake tsotso ruwan. Shi ya sa 'yan sama jannati kan iya ƙara tsayi har kusan santimita 5 a sararin samaniya, inda ba nauyin da ke danne su.

In za ka gwada, cire takalmi, ka jingina duga-dugai da ƙeya da bango, a ɗora littafi a kanka a yi alama, da asuba da kuma bayan isha'i. Amma don Allah kada ka sunkuya ka ɗauki kaya mai nauyi kana tashi daga barci, domin a lokacin fayafayan a kumbure suke, sun fi saurin samun rauni.