Hukuncin Goyon Bayan Ƙara wa Shugaban Ƙasa Iko Domin Yaƙi da Cin Hanci

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne, kullum ina ganin yadda takarda take kwana a kan tebur har sai an miƙa na goro. Wasu suna kira a gyara kundin tsarin mulkin Najeriya, a sakar wa shugaban ƙasa mara ya kama ɓarayi ba tare da jiran majalisa ko kotu ba. Ya halatta in goyi bayansu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Haramcin cin hanci ba abin jayayya ba ne, domin Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Shi kuma kundin tsarin mulki yarjejeniya ce ta mutane, saboda haka gyara shi ya halatta matuƙar bai halatta haram ba. Kundin 1999 ma ya tanadi hanyar gyaransa a sashe na 9, wato amincewar kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya tare da majalisun jihohi 24 cikin 36.

Inda zancen ya yi nauyi shi ne irin gyaran da ake nema. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa an ɗaure shi da maslaharsu, kuma babu yadda za a san ya tsaya a kan maslaha idan babu mai ikon tambayarsa. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, cewa ya yi a taimake shi idan ya kyautata, a daidaita shi idan ya karkace. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta same shi. Bincike ne a bainar jama'a, kuma da aka nemi a sassauta wa matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, sai ya rantse cewa ko Fatima 'yarsa ce zai yanke hannunta.

A ganina shugaban Najeriya bai rasa iko ba. Shi yake zaɓar shugaban EFCC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, majalisar dattawa ta tabbatar, yana kuma da ikon yi wa mai laifi afuwa. Sannan sashe na 308 ya kare shi da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu daga gurfana a kotu muddin suna kan mulki, wanda hakan bai dace da hadisin Fatima ba. Kada kuma ɗan'uwa ya manta cewa ikon da aka rubuta wa shugaban da yake yarda da shi, magajinsa ne zai gada. A Nijar, a 2009, Tandja Mamadou ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki domin tazarce, aka ba shi sabon kundi mai faɗaɗa ikonsa, sai ga sojoji sun kifar da shi a Fabrairun 2010.

Don haka bai halatta ka goyi bayan gyaran da zai ba mutum ɗaya damar kamawa da ƙwace dukiya ba tare da alƙali da hujja ba, domin an fi zaton zai zama ƙofar zalunci, kuma toshe ƙofar ɓarna wajibi ne. Gyaran da zai taƙaita kariyar masu mulki, ya 'yantar da masu bincike da alƙalai, ya tilasta bayyana kadarori ga jama'a, shi goyon bayansa abin so ne, har yakan zama wajibi a kan ɗan majalisar da ƙuri'arsa za ta yi tasiri. Game da teburinku kuwa, wanda aka tilasta ya biya domin karɓar haƙƙinsa da ba shi da wata hanyar samu, malamai da yawa sun yi masa rangwame, zunubin yana kan mai karɓa.

Allah ne Mafi sani.