Amsa: rawar ɗakin karatu wajen kula da muhalli

Malam, ka tambaya ko ɗakin karatu na jama'a yana da rawar takawa wajen kusantar da mutane ga muhalli, ko kuwa wannan aikin hukuma ne kawai. A ganina rawar tana nan, kuma tushenta shi ne abin da ɗakin karatu ya saba yi tun asali, wato bayar da aro.

Tun shekarar 2010 ɗakin karatu na birnin Richmond da ke jihar Kalifoniya ta Amurka yake ajiye irin shuka a cikin ƙananan ambulan, kowanne da sunansa a rubuce. Mutum yakan ɗauka kyauta ya shuka, idan amfani ya nuna sai ya ware wani kaso na irin ya mayar domin wani ma ya samu. Wanda ya yi haka sau ɗaya ya san lokacin shuka, da halin ƙasa, da amfanin ƙudan zuma ga furanni, kuma ya san su da hannunsa. A jihar Kolorado kuwa ana ba da aron jakar goyo mai ɗauke da madubin hangen nesa da takardar shiga gandun daji.

Ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, tana karrama irin wannan ƙoƙari da lambar yabo tun 2016. Sai dai ni ban ga dalilin jiran katafaren gini ba, domin ana iya farawa da benci a inuwar bishiya, da ma'aikacin da zai buɗe wa yaro littafi ya nuna masa sunan tsuntsun da ya gani a reshe.